Littafin Gwaggo da Ruwan Shuka Ya Cinye

Gwaggo ta rasu da hantsi, ana tsakiyar girbin gero, kafin azahar kuwa gidanmu ya cika har wasu suna zama a bayan katanga. Na Allah ne mu duka, wurinsa za mu koma. Ita dai ta riga mu ne. Yayar mahaifina ce. Ta tsufa ƙwarai, jinyarta ba ta yi tsawo ba, babu wanda zai ce mutuwar ta zo masa da mamaki. Duk da haka, da aka ɗaga makara, wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ta daɗe ba ta leƙa ko ƙofar gida ba sai da ta sa aka riƙo ta har bakin zaure. Ta tsaya tana ce wa masu ɗauka, "Ku bi da ita a hankali. Ba ta son gaggawa."

A wajen maza, Liman ya ce ita ta koya wa matarsa karanta takardar asibiti. Direban ƙaramar motar da ke kai mutane kasuwar Tsanyawa ya ajiye motarsa ya zo jana'iza. Ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja mai tambaya irin tata ba: ina aka haife ka, me ya raba ka da noma, ranar da ka fara riƙe sitiyari me ka ji a ranka. "Wallahi har abin da ban taɓa faɗa wa matata ba na faɗa wa tsohuwar nan," in ji shi, yana goge ido da hularsa.

Baba, wato mahaifina, bai yi kuka a gaban mutane ba. Da suka dawo daga maƙabarta ya shigo cikin gida ya zauna a gindin rumbu. Can ya dube ni ya ce, "Yau babu sauran mai kira na Auta." Mutum ne mai furfura har a gira, ya ga tattaɓa-kunne, amma haka take kiransa tun yana goye a bayanta.

A ɗakin mata kuwa, da aka ɗan lafa da koke-koke, sai na ji wasu tsofaffi suna gardama ƙasa-ƙasa a kan ko littafinta na farko ya fi na biyu daɗi. Wata jikata da ta tashi a birni ta matso ta raɗa mini, "Kaka, wane littafi? Ashe Gwaggo tana rubutu?" Tambayar nan ce ta tsorata ni. Ba a yi kwana uku ba, ga jininta a cikin ɗakinta bai sani ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta abin da na gani.

Gwaggo ba ta taɓa zama a aji ba. Mijinta malamin firamare ne a wani gari kusa da Minjibir, shi ya koya mata boko a bayan tsofaffin littattafan 'yan makaranta. 'Ya'yan da ta haifa ba su rayu ba. Da mijin ya rasu ta gama takaba, sai ta dawo gidanmu da akwatinta, da tasoshinta, da wani kwali cike da littattafan rubutu da aka ɗaure da tsumma. Baba ya ba ta tsohon soron mahaifiyarsu da ke can ƙuryar gida.

Kullum akwai guntun fensir soke a ɗankwalinta. Da reza take fiƙe shi, ba ta yar da shi sai ya gagari yatsu riƙo. Bayan azahar takan shimfiɗa tabarma a inuwar soron, ta ɗora littafi a kan murfin akwati, ta yi ta rubutu tana motsa leɓe. In ka yi mata magana a lokacin za ta amsa, amma ba ta ji ka ba. Inna, mahaifiyata, ta taɓa ce mata akuya ta shiga ɗakin girki, Gwaggo ta ce, "Allah ya sa alheri," ta ci gaba da abinta. Har yau in wani ya ba da amsar da ba ta dace ba a gidanmu, sai a ce masa Allah ya sa alheri.

Ba ta katse mai magana. In ka ba ta labari ka tsaya, sai ta ce, "To, sai me ya faru?" In ka ce shi ke nan, ta ce, "Ba shi ke nan ba ne, kai ne ka gaji." Ba ta son a ce wa mutum mugu kawai a wuce. Sai ta tambaya, "Mugu tun yaushe?"

Abin da take rubutawa labari ne guda ɗaya mai tsawo, na wani gida da ta ƙirƙira, masu noma gandu ɗaya tun daga kaka har jikoki: aurensu, rabon gadonsu, faɗansu a kan iyakar gona. Ta fara shi tun mijinta yana da rai. Ba ta sa masa suna ba, mata ne suke ce masa labarin Gwaggo. Lokacin ɓarar gyaɗa matan unguwa sukan taru a tsakar gidanmu, kowa da ƙwaryarta, ita kuma ta karanta musu. Muryarta ba ta da ƙarfi, don haka dole a yi shiru. Na ga matar da ta bar tuwonta ya kama don ta ji ko za a mayar da auren wata da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Sai shekarun fari suka shigo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba, ni ma ba na son dogon bayani a kansu. A ƙasarmu gona tana jikin gona, babu dajin da za ka faɗa ka nemi abin kaiwa baki. Gyaɗa ta daina yi, gero ya riƙa bushewa yana tsaye. Maza suka watse cin rani. Aka ci dusa, aka ci garin rogo, aka ci tafasa ba mai ba gishirin kirki. Ɓarar gyaɗa ta mutu, amma mata ba su daina zuwa ba. Sukan zo hannu wofi su zauna, Gwaggo ta karanta.

A farkon shekarun nan ne aka yi faɗan da ya raba ta da Baba. A gonar gadonsu akwai wata babbar ɗorawa. Mahaifiyarsu ta ci moriyarta har ta bar duniya: kalwa ta yi daddawa, gari a yi wa yara, ɓawon a jiƙa a yi makubar da ake shafe soro don kada ya yi yoyo. Wata rana Baba ya sayar da ita ga masu itace, bai shawarci kowa ba. Gwaggo ta je gona ta tarar da kututture. Ba ta ce masa uffan ba. Amma ba a daɗe ba sai ga wani sabon babi a labarinta: ƙanen uwargidan labarin ya sare bishiyar uwarsu, ya sayi keke da babbar riga, yana yawo kasuwa-kasuwa ana gaishe shi. Ta zana shi da kyau, har yadda yake gyara hula in zai yi ƙarya. Mata suka yi ta dariya, suna satar kallon Inna.

Magana ta kai kunnen Baba. Ya shigo har ƙofar soronta, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Yaya, ni kika sa a takarda ana yi mini dariya a gari?"

"Na ambaci sunanka?"

"Ba sai kin ambata ba. Ina keken? Ina rigar? Ki nuna mini su."

"Labari ne, Auta. In ka ga kanka a ciki, da ƙafarka ka shiga."

"To Allah ya isa tsakanina da wannan takardar," in ji Baba, ya juya.

Daga ranar sai gaisuwa kawai, ita ma a tsaitsaye. Suna gida ɗaya, ana kai mata tuwo daga tukunyarsa, amma hira ta ƙare. Ina sonta, kuma zan faɗi gaskiya a kanta: a nan ba ta kyauta ba, kuma taurin kanta bai bar ta ta janye ba.

Ni a lokacin an yi mini aure, na dawo gida haihuwar fari. Gwaggo ce ta karɓi wankan jegona. Ita ke dafa ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, a shekarar da itacen ma sai an yi tafiya. Mai jego tana bukatar kunun kanwa, gidan kuwa babu geron da za a ware. Ran kasuwar Tsanyawa sai na ga ta ɗaure tasoshinta na aure a zane ta ɗora a ka. Ta dawo da yamma babu tasoshin, sai ƙullin gero da 'yar kanwa. Inna ta ce, "Haba Yaya, kayan ɗakinki!" Gwaggo ta ce, "Tasa ba ta shayar da jariri." Ba ta sake tada maganar ba, in an tada kuma sai ta tashi.

Bazarar nan ta yi tsawo har mutane suka fara fid da rai. An fita roƙon ruwa, an sake fita. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Sai wata rana bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, aka ɓarke da ruwa irin wanda aka yi shekaru ba a gani ba. Yara suka fita tsirara suna tsalle. Inna ta durƙusa a tsakar gida tana kuka tana godiya, ruwa na dukanta. Gwaggo tana ɗakina tana riƙe da jaririyata, tana dariya har ana ganin wushiryarta.

Muna cikin haka muka ji wata ƙara daga ƙuryar gida, kamar an kayar da buhuna. Soron Gwaggo ne. An yi shekaru ba a yi masa yaɓe ba, rana ta tsattsage shi, gara ta ci azara. Rufin gaba ɗaya ya zauna a cikin ɗakin, ruwan indararon maƙwabta kuma yana kwarara a kai. Abin da kowa ya fara faɗa shi ne alhamdu lillahi ba kowa a ciki. Ita ma ta faɗa. Sannan ta miƙo mini jaririyar a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wurin har magariba.

Washegari ranar shuka ce. Duk manomi ya san safiyar da ta biyo bayan ruwan farko ba a wasa da ita, balle a shekarar da iri kansa da ƙyar aka adana shi. Tun da asuba gari ya fita da sungumi. Amma da na leƙo, sai na ga Baba a cikin ɓaraguzan soron, laka har gwiwa, yana tono da hannu don kada fartanya ta yanki takarda. Ya ciro kwalin. Ba kwali ba ne kuma, curi ne na laka da takarda. Ya ɗauko shi da hannu biyu ya ajiye a gabanta, ya koma yana neman saura.

"Auta," in ji Gwaggo. Rabon da ta kira shi haka tun ranar faɗan. "Fito ka tafi gona."

"Bari in duba gefen gadon, Yaya."

"Ka fito na ce. Takarda ba ta tsirowa. Ƙasa za ta sha iska."

Ya fito yana goge hannu a riga. Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Da ɗorawar tana nan, da an sami makuba."

"Kada ka ɗora wa kanka wannan. Tafi."

Mun yi ƙoƙari. Ni da Inna muka shanya curin a inuwa, muka riƙa ɓamɓare shi da tsinke. Duk shafin da ka ɗaga sai ya biyo yatsa kamar tuwo. Inda ta yi da biro ya narke ya zama shuɗi, inda ta yi da fensir laka ta shafe. Abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba, rabin layi nan, kalma biyu can. Gwaggo ta dube su, ta ce a zuba a tukunyar ƙasa a binne, domin akwai sunan Allah a ciki.

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi damuna. Gari yana murna, shuka ta fito kore shar, kowa ka gamu da shi sai barka da ruwa. Ita ma takan amsa. Na ce mata wata rana, muna wanka, "Gwaggo, ki yi kukanki mana, ba kowa a nan." Ta ce, "Da hannuna na roƙi ruwan nan. Da wane baki zan yi kuka da shi?" Amma fensir ya bar ɗankwalinta. Bayan azahar sai ta zauna a tabarma hannu a cinya. Ta rame fiye da yadda yunwa ta ramar da ita. Wani lokaci sai in ji ta fara wata jimla a hankali, ta tsaya a tsakiya, ta girgiza kai.

Mata suka fara zuwa lallashi. Maƙwabciyar nan tamu, wadda a lokacin da ƙarfinta, ita ce kan gaba.

"Malama, ki sake rubutawa mana. Ai yana kanki."

"Ba ya kaina. Da yana kaina da ban rubuta ba."

"To yana kanmu. Mu za mu faɗa miki."

Suka kuwa zauna suka fara. Nan aka ga abin mamaki. Wannan ta ce kakan gidan a Makka ya rasu, waccan ta ce ƙarya ne, a gona ya faɗi. Wata ta rantse uwargidan ta koma ɗakin mijinta, wata ta ce har abada ba ta koma ba, kuma ta yi daidai. Har aka fara ɗaga murya. Gwaggo tana kallonsu, sai ga dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun ranar ruwan. Ta ce, "Ashe ba labari ɗaya nake karanta muku ba." Amma da suka tafi ta ce mini, "Kin gani ko? Sun riƙe abin da ya faru. Yadda aka faɗe shi ne ya tafi, shi ne kuwa aikin."

Ta gwada, ban ce ba ta gwada ba. Ta samo wani tsohon littafin lissafi mai sauran shafuka, ta rubuta farkon labarin kamar yadda take tunawa. Ta karanta mini, na ce ya yi daɗi. Ta ce, "Kina jin kunyata ne. Wannan kwaikwayo ne. Wadda ta rubuta wancan tana da miji, rumbunsu a cike, ba ta taɓa ganin an auna wa yaro tuwo da ido ba. Ina zan samo ta in ce ta sake?" Ta ba yara takardar suka yi wasa da ita. Daga nan ta ce ta bari har abada, kada wanda ya sake yi mata maganar. Aka bar ta. Na gama wankan jego na koma gidan mijina da wannan nauyin a zuciya.

Abin da ya biyo baya ina nan aka yi shi, domin na zo ganin gida bayan kaka. Amfanin bai yi yawa ba, amma an samu na kaiwa baki. Baba ya tafi birni aikin gini na ɗan lokaci, ya dawo da wani ƙunshi a hammata. Takardun buhun siminti ne. Ya kakkaɓe su, ya yanka daidai wa daida, ya kai wa baduku ya ɗinke su da zare, har da bango na fata. Ya same ta a sabon ɗakin da ya gina mata, ya ajiye a gefen tabarma, da fensir sabo a kai.

"Mene ne wannan?"

"Takarda ce. Ta fi ta 'yan makaranta ƙwari."

"Na ce na bari."

"Na ji. In kin ga dama ki hura wuta da ita." Ya juya zai fita, sai ya tsaya. "Amma in za ki sake, Yaya, mutumin nan mai keke, ki tambaye shi tukuna."

Ta ɗago ta dube shi. Ta matsa gefe ta ba shi wuri a tabarmar. "Zauna. To, sai me ya faru?"

Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawo haka ba. Ya ce ya leƙa rumbu a wannan shekarar ya ga ƙasansa, ga bakuna a gida. Ya ce ya yi kwanaki yana zuwa gindin ɗorawar yana zagaya ta yana dawowa. Bai shawarce ta ba ne don ya san in ta ce a'a ba zai iya ba, in kuma ta ce to, ya sa ta cikin abin da zai dame ta har mutuwa; gara ya ɗauka shi kaɗai. Ranar da masu gatari suka zo bai iya tsayawa ba, ya kama hanya da ƙafa har Tsanyawa, ya yini a kasuwa bai sayi ko goro ba, don dai kada ya ji faɗuwarta.

"Dawar da aka ci a gidan nan har aka kai damina," in ji shi, "ɗorawar Innarmu ce, Yaya. Ke ma kin ci."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Sannan hawayen da ba ta zubar ba ranar ruwan suka zo. Ta ce, "Na tambayi direba, na tambayi mai tallan gishiri, na tambayi kowa a garin nan. Kai ne kawai ban tambaya ba. Ka yafe mini." Baba ya ce, "Wallahi ya wuce," ya tashi da sauri ya fita, don ba ya son a ga fuskarsa.

Ba ta fara a ranar ba. Ta yi kwanaki tana jujjuya littafin, tana shinshina shi, tana cewa warin siminti yake. Da ta fara kuwa, ba ta bi sawun na farko ba. Ta ce mini, "Na daina neman wancan. Ya rasu, an binne shi. Wannan ƙanensa ne, ba dole su yi kama ba." Ta riƙe gidan da mutanensa, amma ta shigar da fari a ciki, da yunwa, da cin rani. Ƙanen uwargida ya sare bishiyar, babu keke babu riga, sai tafiya a ƙasa zuwa kasuwar da ba shi da abin saya. Ya ɗauke ta shekaru, kuma bai kai na farko tsawo ba. Duk babin da ta gama sai ta ba wata mai iya rubutu ta kwafa ta ajiye a gidansu, ta ce ba za ta sake tara ƙwanta a soro ɗaya ba.

Ranar da ta karanta babin bishiyar, babu wadda ta yi dariya. Kowace mace a wurin akwai abin da aka sayar a gidansu a shekarun nan. Wasu har yau suna cewa na farko ya fi daɗi, ya fi ban dariya, ya fi sa mutum ya manta da damuwarsa, kuma ina jin suna da gaskiyarsu. Ita kanta ba ta taɓa cewa na biyu ya fi ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Wancan na fi so. Wannan ne nake da shi." Ba a taɓa buga shi ba, ba ta kuma nema ba. Yana yawo a hannun mata daga gida zuwa gida, ya sha miya ya sha manja.

Zuwana na ƙarshe wurinta da damina ne, idonta ya riga ya yi rauni. Muna zaune mu biyu, na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya.

"Gwaggo, har yanzu kina tuna na farkon?"

"Wuri ɗaya kawai," in ji ta. "Akwai inda uwar gidan take yi wa 'yarta kitso, ana gobe za a kai ta ɗakin miji, tana yi mata magana. Maganar Innarmu ce, yadda ta faɗa mini ita. Na rubuta ta tun muryarta tana kunnena. Bayan ruwan na nema na rasa. Na tambayi matan nan kaf. Kowa ta tuna an yi kitso, babu wadda ta tuna me aka ce."

"Ke da kika ƙirƙiri gari guda da mutanensa, me ya hana ki ƙirƙiri wannan?"

"Kowa ina iya sa masa magana a baki, 'yar nan. Ban da ita." Ta ƙara da cewa, "Sai na bar su suna kitson, ba wanda ya ce komai. Ki duba, haka yake a ciki."

Haka kuwa yake. Na sha karanta wurin, ban taɓa sanin dalili ba.

Sannan ta zame ɗankwalinta ta ce, "Zo ki gyara mini kan nan, ya dame ni." Gashin ya zama fari fat, ya yi laushi kamar auduga, bai fi a kama da yatsu uku ba. Na zauna a bayanta, ta jingina da gwiwata, na tsefe na yi mata kitso ƙanana. Ba ta yi magana ba, ni ma ban yi ba, har na gama.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwanci, ka sanya abin da ta ciyar da abin da ta koyar a mizaninta. Ka ba ƙanenta haƙurin rashinta, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Ka sada ta da mahaifiyarta a gidan rahama, ta sake jin maganar nan daga bakin mai ita.